GIDAN DA MUTUM YAKE ZAUNE A CIKI: RANGWAMEN HARAJI DA HANYAR SAMUNSA

Gabatarwa

Babban burin magidanci a ƙasar nan shi ne ya mallaki muhallinsa, ya rufa wa kansa da iyalinsa asiri, ya huta da tashin hankalin biyan kuɗin haya. Sau da yawa mutum yakan shekara goma ko ashirin yana tara ƙwabo bisa ƙwabo, yana aza bulo kan bulo, kafin ya kai ga tarewa. Da ya tare kuwa, wata rana sai a miƙo masa takarda daga ofis ana neman kuɗi a kan gidan. Daga nan sai magana ta rabu biyu a unguwa. Waɗansu su ce ai gidan da mutum yake kwana a ciki ba a biya masa kome, waɗansu kuma su ce tilas ne ya biya daidai da mai otal ko mai kanti. Dukan maganganun nan biyu kuskure ne.

Gaskiyar al'amari ita ce, dokokin ƙasar nan sun bambanta gidan da mai shi yake zaune a ciki da gidan da aka gina domin neman riba. Akwai inda aka ɗauke wa gidan zama haraji ɗungum, akwai inda aka rage masa, akwai kuma inda ba a ɗauke masa kome ba. Har wa yau, rangwamen ba ya zuwa ya iske mutum a ɗaka; sai ya tashi ya nema, ya kuma kawo shaida. An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa jama'a waɗannan bambance-bambance filla-filla, don kada wani ya biya abin da doka ta yafe masa, kada kuma wani ya ƙi biyan abin da yake kansa har ya jawo wa gidansa matsala.

Kuɗaɗe Uku Da Suke Kan Gida

Kalmar "harajin gida" ta tattara abubuwa uku daban-daban, kuma kowanne da hukumar da take da ikon karɓarsa. Rashin rarrabe su shi ne tushen yawancin rigingimun da ake yi tsakanin masu gidaje da ma'aikatan haraji.

1. Harajin gidaje na shekara-shekara. Wannan na Ƙaramar Hukuma ne, ana kuwa ɗora shi ne a kan ginin kansa.

2. Kuɗin ƙasa. Wannan na Gwamnatin Jiha ne, ana biyansa ne saboda filin da aka yi ginin a kai. A Babban Birnin Tarayya, Abuja, hukumar birnin ce take karɓa.

3. Harajin ribar sayar da kadara. Wannan ba ya tasowa sai ranar da mutum ya sayar da gida ya ci riba. Dokar Tarayya ce ta kafa shi, amma in mai sayarwa mutum ne, ba kamfani ba, galibi Hukumar Tara Haraji ta Jihar da yake zaune ita ce take karɓa.

Ya kamata a lura da abu guda tun daga nan. Gwamnatin Tarayya ba ta karɓar wani haraji na shekara-shekara a kan gidajen zaman jama'a da suke cikin jihohi. Saboda haka duk wanda ya zo ƙofar gidan wani a Zariya, ko Sagamu, ko Aba, ya ce Gwamnatin Tarayya ce ta aiko shi karɓar kuɗin gida na bana, to, abin tuhuma ne.

Wane Gida Ne Gidan Zama?

Gidan zama, a wajen ma'aikatan haraji, shi ne gidan da mai shi yake zaune a ciki da kansa, inda yake kwana yake tashi tare da iyalinsa. Sharuɗɗa biyu ke nan a haɗe: mallaka da zama. Wanda yake zaune a gidan wani ɗan haya ne, ko da ya shekara talatin a ciki. Wanda kuma ya mallaki gida ya zuba 'yan haya, shi ya koma wani wuri, ya zama mai gidan haya, gidan kuma ya zama hanyar samun kuɗi.

Tsakanin waɗannan biyu akwai gidaje masu yawa da suke da fuska biyu, kuma su ne suka fi yawa a biranenmu. Ga mai gida da iyalinsa a ciki, amma ya fasa ɗakuna biyu ta waje ya mai da su shaguna. Ko kuwa yana zaune a ƙasa, ya ba da bene haya. Ko kuma ya kafa injin niƙa a zaure. Irin wannan gida ba a ɗaukarsa gidan zama zalla. Ana duban sashen da ake kwana dabam, sashen da yake kawo kuɗi dabam.

Wannan bambanci ba baƙon abu ba ne ga jama'armu. A shari'ar Musulunci ma, gidan da mutum yake zaune a ciki ba a fitar masa da zakka, kome girmansa, alhali kuwa gidan da aka saya domin a sayar a ci riba yana shiga lissafin dukiyar ciniki. Dalilin ɗaya ne: muhalli bukata ce ta rayuwa, kamar ci da sutura, ba ya haifar wa mai shi ko sisin kwabo.

Harajin Gidaje Na Ƙaramar Hukuma

Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan Ƙananan Hukumomi, a cikinsu kuwa har da ƙiyasta darajar gidajen jama'a domin ɗora musu haraji gwargwadon yadda Majalisar Dokokin Jiha ta tsara. Ma'anar wannan ita ce, Ƙaramar Hukuma ce take ƙiyasi da karɓa, amma iyakar abin da za ta karɓa da waɗanda za a yafe wa, dokar Jiha ce take faɗa. Ƙananan Hukumomi 774 ne a ƙasar nan, a cikin jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya, don haka babu wani ƙayyadadden kuɗi guda ɗaya da ya game ƙasa baki ɗaya. Abin da aka yafe a wata jiha mai yiwuwa ne ana biyansa a maƙwabciyarta. A Abuja, Majalisun Yanki guda shida, watau ta Birnin Abuja, da Abaji, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, su ne suke matsayin Ƙananan Hukumomi.

Dattawa za su tuna da harajin kai da jangali, waɗanda gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke a 1979. Harajin gidaje dabam yake da waɗannan. Shi harajin kai a kan mutum yake, ko yana da gida ko ba shi da shi. Harajin gidaje kuwa a kan gini yake, kuma yana hawa yana sauka gwargwadon darajar ginin, da unguwar da yake, da irin amfanin da ake yi da shi. Da irin wannan kuɗi ne ake sa ran Ƙaramar Hukuma za ta kwashe shara, ta yashe magudanan ruwa, ta gyara ƙananan hanyoyi da kasuwanni da maƙabartu.

Akwai gine-ginen da bisa al'ada dokokin jihohi suke keɓewa daga wannan haraji, kamar masallatai, da majami'u, da maƙabartu. Game da gidan zama kuwa, wajibi ne mai gida ya je ofishin kuɗin shiga na Ƙaramar Hukumarsa ya nemi a nuna masa abin da dokar jiharsa ta ce, baƙi da fari. Haƙƙinsa ne a nuna masa.

Misali Daga Jihar Legas

Jihar Legas, inda dubban Hausawa suke da gidaje a Agege, da Idi-Araba, da sauran unguwanni, ita ce ta fi kowace jiha daɗewa da tsara wannan al'amari a rubuce, saboda haka ta dace da misali. Tun 2001 jihar ta haɗe kuɗin ƙasa, da harajin gidaje, da kuɗin raya unguwa, ta mai da su biya guda ɗaya a shekara. An sake dokar a 2018, jama'a suka koka da tsadar sabon ƙiyasin, sa'an nan aka kafa wata a 2020 wadda ta sassauta. Waɗansu jihohi, kamar Edo da Oyo da Anambra, su ma sun kafa dokoki masu kama da wannan.

A ƙarƙashin dokar 2020, da farko ana ƙiyasta darajar fili da ginin da yake kansa. Sa'an nan a zubar da kashi 40 cikin 100 na wannan daraja a matsayin rangwame ga kowa da kowa. Abin da ya rage shi ake ɗora wa haraji, a nan ne kuma bambanci yake fitowa. Ma'aunin da aka tsayar a shekarar 2020 shi ne kashi 0.0394 cikin 100 ga gidan da mai shi kaɗai yake zaune da iyalinsa, kashi 0.132 cikin 100 ga gidan da mai shi yake zaune tare da 'yan haya. Da kashi 0.394 cikin 100 ga gidan da aka ba da haya gaba ɗaya.

Alal misali, a ɗauka ga gida da aka ƙiyasta darajarsa Naira miliyan 50. In an zubar da kashi 40 cikin 100, saura Naira miliyan 30. Bisa ma'aunin nan na 2020, idan mai gidan ne kaɗai a ciki da iyalinsa, abin da zai biya a shekara Naira 11,820 ne. In yana tare da 'yan haya, Naira 39,600. In kuwa ya fita ya bar wa 'yan haya gidan duka, Naira 118,200. Gida ɗaya ne, unguwa ɗaya, amma kuɗin ya ninka har sau goma saboda kawai wanda yake kwana a ciki. Daga nan mai karatu zai ga irin asarar da mutum zai yi in aka rubuta gidan zamansa cikin jerin gidajen haya bisa kuskure, shi kuwa ya yi shiru yana ta biya.

Dokar ta 2020 ta kuma yafe wannan kuɗi ɗungum ga gidan da ɗan fansho ya mallaka kuma yake zaune a ciki. Ta faɗaɗa ma'anar ɗan fansho har ta haɗa da wanda ya yi ritaya daga aikin kamfani, da kuma wanda ya kai shekara 60 ya daina duk wata sana'a mai kawo kuɗi. Wannan ya shafi tsohon mahauci, da tsohon direba, da tsohon ɗan kasuwa, waɗanda ba su taɓa karɓar albashin gwamnati ba. Amma sharaɗin nan na zama yana nan daram. Gidan ɗan fansho na biyu, wanda ya zuba 'yan haya, bai shiga yafiyar ba.

Gwamnatoci sukan sake duba ma'aunin haraji lokaci-lokaci. Saboda haka alƙaluman da suke kan takardar neman biya ta shekarar da ake ciki su ne abin dogara.

Kuɗin Ƙasa

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukan ƙasar da take cikin kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Nijeriya duka. A jihohin Arewa wannan tsari ya riga ya kafu tun ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1962. Filayen cikin birane Gwamna ne yake ba da izinin zama a kansu. Na karkara kuwa Ƙaramar Hukuma tana da ikon ba da izini irin na gargajiya. Wanda aka ba takardar shaidar mallakar fili, watau satifiket, yawanci na shekara 99, ya ɗauki alkawarin biyan kuɗin ƙasa kamar yadda aka rubuta a jikin takardar.

A nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe. Zaman mutum a gidansa bai ɗauke masa kuɗin ƙasa ba. Dokar ta ba Gwamna ikon ba da fili kyauta ba tare da wannan kuɗi ba, ko kuwa a kan ragi, in ya ga yin haka maslaha ce ga jama'a. Amma wanda ba a rubuta masa irin wannan sassauci ba, lalle ne ya biya kowace shekara. Sauƙin da yake akwai shi ne, galibi kuɗin filin da aka yanka domin gidan zama bai kai na filin kasuwanci ko na masana'anta ba.

Akwai wata kariya a cikin dokar wadda masu gidaje ƙalilan ne suka san da ita. Sashe na 16 ya ce, in za a tsayar da kuɗin ƙasa ko za a sake duba shi, a yi la'akari da abin da aka ɗora wa filaye irinsa a maƙwabta, kada kuma a sa darajar da filin ya ƙaru da ita saboda dukiyar da mai shi ya kashe a kansa. Watau in mutum ya rushe ginin ƙasa ya yi na siminti, ko ya ɗora bene, wannan kaɗai bai zama hujjar ƙara masa kuɗin ƙasa ba, ko da yake yana iya ƙara masa harajin gidaje, tun da shi wannan a kan gini yake.

Sakaci da kuɗin ƙasa yana da mugun sakamako. Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon soke izinin fili in aka karya sharuɗɗan da suke cikin satifiket, biyan kuɗin ƙasa kuwa yana cikinsu. Doka ta wajabta a ba mai fili sanarwa. A watan Maris na 2025 Hukumar Babban Birnin Tarayya ta ba da sanarwar soke takardun filaye 4,794 a manyan unguwannin Abuja, saboda masu su sun shekara goma ko fiye ba su biya ba. Kuɗin da ake raina shi a shekara guda, in ya taru ya yi shekaru, yana iya raba mutum da abin da ya wahala a kansa tsawon rayuwarsa.

Haka kuma, wanda aka ba fili domin gidan zama ya mai da shi makaranta, ko otal, ko jerin shaguna, ba tare da izinin canja amfani ba, shi ma ya karya sharaɗi. A yau jihohi da dama suna da ofisoshin rajistar filaye masu aiki da kwamfuta da hotunan sama, irin su AGIS a Abuja, da KADGIS a Kaduna, da KANGIS a Kano, da NAGIS a Nasarawa. A can ne mai gida zai je ya san bashin da yake kansa, ya kuma gyara abin da aka rubuta ba daidai ba.

In Za A Sayar Da Gida

Mafi girman yafiyar da doka ta yi wa gidan zama tana zuwa ne ranar sayarwa. Tun 1967 ƙasar nan take da dokar harajin ribar sayar da kadara, kuma tun a cikinta aka keɓe gidan da yake shi ne mazaunin mutum. Har zuwa ƙarshen 2025 ana karɓar kashi 10 cikin 100 ne na ribar. A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, a cikinsu har da Dokar Haraji ta Nijeriya, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. A ƙarƙashinta, ribar da mutum ya samu daga sayar da kadara ana haɗa ta da sauran abin da ya samu a shekara, a yanka mata haraji hawa-hawa. Naira 800,000 na farko ba su da haraji, daga nan ma'aunin yana tashi daga kashi 15 har zuwa kashi 25 cikin 100 ga masu samu mai yawa.

Riba a nan ita ce abin da ya saura bayan an cire kuɗin da aka sayi gidan ko aka gina shi, da abin da aka kashe wajen inganta shi, da kuɗin lauya da na dillali. Wanda ya kashe Naira miliyan 10 a kan gida, ya sayar da shi Naira miliyan 25, ribarsa Naira miliyan 15 ce. In gidan haya ne, wannan riba tana da haraji. In gidan zamansa ne, doka ta yafe. Amma yafiyar tana da iyakoki uku waɗanda ya kamata kowa ya haddace.

Na farko, ta shafi gidan ne da filin da yake manne da shi, iyakar eka ɗaya, muddin ba a kasuwanci a filin. Eka ɗaya ta ɗan ɗara fuloti huɗu masu ƙafa 100 tsawo da ƙafa 100 faɗi. Yawancin gidajen birni ba su kai haka ba, amma mai gidan gona ko mai babban lambu sai ya lura.

Na biyu, in an raba gidan tsakanin zama da sana'a, ana raba kuɗin cinikin ne gwargwadon rabon kowane sashe. A misalin da ya gabata, in shagunan da suke jikin gidan sun kai rubu'in darajarsa, to, rubu'in ribar, watau Naira miliyan 3 da dubu 750, zai shiga lissafin haraji, sauran kuwa an yafe.

Na uku, sabuwar dokar ta ce sau ɗaya tak mutum zai ci moriyar wannan yafiya a tsawon rayuwarsa. Hikimar haka a fili take: don kada mai cinikin gidaje ya riƙa tarewa na 'yan watanni a kowane gida da ya gina, ya sayar, ya ce ai gidan zamansa ne. Amma sharaɗin ya shafi kowa. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, wanda yake tunanin sayar da ɗan ƙaramin gidansa na farko, ya kamata ya zauna ya yi lissafi, ya kuma nemi shawarar masana, kafin ya yi amfani da damar da ba za ta sake dawowa ba.

A tuna kuma, yafiyar harajin riba ba ta ɗauke sauran abin da ciniki yake bukata ba. Dokar 1978 ta wajabta neman amincewar Gwamna kafin a sayar da filin da yake da izininsa, ko a jinginar da shi. Akwai kuɗin neman amincewar, da kuɗin hatimi, da na rajista. Cinikin da aka ƙulla a zaure da shaidu kawai, ba a kai shi ofishin filaye ba, yakan bar mai saye da takardar da take ɗauke da sunan wani.

Rancen Gini, Kuɗin Haya Da Gado

Dokar Haraji ta Nijeriya ta yi wa mai gina muhallinsa wani sassauci tun kafin ya gama biyan bashi. Kuɗin ruwan da mutum yake biya a kan rancen da ya ci domin gina gidan da zai zauna da kansa, ana cire shi daga abin da ya samu a shekara kafin a yanka masa haraji. Haka ma gudummawar da ma'aikaci yake bayarwa ga Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, wanda kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yake kula da shi. Rancen gina gidan haya bai shiga wannan babi ba.

Ba a manta da ɗan haya ba. Daga 2026 ana cire masa kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da ya biya a shekara, iyakar Naira 500,000, daga abin da za a yanka wa haraji. Mai biyan hayar Naira miliyan 1 za a cire masa Naira 200,000. Ba kuɗi ne za a ƙirga a ba shi a hannu ba. Ragi ne a cikin lissafi, kuma sai ya bayyana gaskiyar abin da ya biya. Wanda yake zaune a gidan kansa ba shi da rabo a wannan. Shi kuma mai gidan da yake karɓar haya, ko ta ɗaki ɗaya ce, ya sani kuɗin haya samu ne, tilas ya bayyana shi tare da sauran abin da yake samu.

Game da gado, harajin da aka kafa a kan dukiyar mamaci a 1979 an soke shi a 1996. Amma kuɗin ƙasa da harajin gidaje ba su mutuwa da mutuwar mai gida. Suna bin gidan. Yafiyar da aka yi wa tsoho saboda shi ɗan fansho ne kuwa ba ta zama gado ga 'ya'yansa. Ya kamata magada su sanar da hukuma, su sa a gyara suna, tun bashi bai taru ba.

Yadda Ake Neman Rangwame

1. Mai gida ya karanta takardar neman biya da kyau. Ya duba sunan hukumar da ta aiko, da irin kuɗin da ake nema, da shekarar, da rukunin da aka sa gidansa. Wanda bai iya karatu ba ya nemi amintacce ya karanta masa.

2. Ya tanadi shaidar mallaka: satifiket, ko takardar ba da fili, ko takardar ciniki, ko takardar rabon gado daga kotu.

3. Ya tanadi shaidar zama: katin shaidar ɗan ƙasa, da takardun biyan kuɗin wuta ko na ruwa masu ɗauke da sunansa da adireshin gidan. Inda aka nemi ƙarin shaida, takardar mai unguwa ko dagaci tana taimakawa.

4. Ɗan fansho ya haɗa da takardar ritayarsa, ko shaidar shekarunsa.

5. Ya rubuta takardar neman rangwame, ya miƙa ta a ofis, ya sa a buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa. Maganar baka ba ta zama shaida.

6. Ya adana dukan rasit na gini, da na gyara, da na biyan haraji, a wurin da ruwa ko gara ba za su taɓa su ba. Ranar sayarwa, su ne za su nuna abin da ya kashe.

7. In hali ya canja, watau ya tashi daga gidan, ko ya sa 'yan haya, ko ya buɗe shago, ya sanar da hukuma. Cin rangwame da bayanin ƙarya laifi ne, kuma yana jawo tara.

In An Yi Wa Mutum Ba Daidai Ba

Wanda ya ga an yi wa gidansa ƙiyasi fiye da kima, ko an sa shi a rukunin da ba nasa ba, yana da ikon ƙin amincewa a rubuce. Ga harajin samu da na riba, wa'adin kwana 30 ne daga ranar da takardar ƙiyasi ta iske shi. In bai gamsu da amsar hukuma ba, sai ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙarar Haraji. Dokokin 2025 sun kuma kafa ofishi na musamman mai sauraron koke-koken masu biyan haraji. Ga harajin gidaje da kuɗin ƙasa, dokar kowace jiha ta tsara nata wa'adin da inda ake kai ƙara. Abin da ba ya amfani shi ne mutum ya yage takarda, ko ya jefa ta ƙarƙashin katifa. Wa'adi yana wucewa, ƙiyasin ya tabbata, tara kuma ta hau.

Jama'a su yi hattara da 'yan damfara masu yawo gida-gida da rasit na jabu, suna barazanar garƙame ƙofa. Tun 1998 dokar da ta jera harajin kowane mataki na gwamnati ta hana kowa karɓar haraji in ba hukumar da aka ɗora wa alhakinsa ba. A nemi katin shaidar aiki. A biya ta banki, cikin asusun gwamnati da aka rubuta a takardar, a kuma karɓi rasit na hukuma. Kada a ba kowa kuɗi a hannu domin ya "rage" ƙiyasi. Mai bayarwa da mai karɓa duka sun yi laifi, bashin kuma yana nan a littafi.

Kira Ga Jama'a

Ana roƙon sarakuna, da hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da limamai, da shugabannin majami'u, da ƙungiyoyin 'yan fansho, su taimaka wajen isar da wannan bayani ga waɗanda ba su sami karanta shi ba, musamman tsofaffi da matan da mazansu suka rasu suka bar su da gida da marayu. Su ne suka fi cancantar rangwame, su ne kuma suka fi rashin sanin akwai shi. Duk mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi ofishin kuɗin shiga na Ƙaramar Hukumarsa, ko Hukumar Tara Haraji ta Jiharsa, ko ofishin filaye mafi kusa da shi. Matambayi ba ya ɓata.